Girman Akwatin Kwamfuta: A Auna Kafin A Saya

Wanda ya ƙudiri aniyar haɗa kwamfutar tebur da kansa, ko ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ya kai wa mai haɗawa, yakan ƙarar da tunaninsa da kuɗinsa a kan firosesa da katin hoto. Idan aka zo kan akwatin da za a zuba su ciki, sai ido ya yi zaɓi: wanda ya fi tsayi, ya fi gilashi, ya fi fitilu masu launi. Wannan kuskure ne mai tsada, domin akwati shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga, kuma shi ke buɗe wa iska hanya ko ya toshe ta. Abin da nake gani shi ne, ga mafi yawan mutane, matsakaicin akwati mai raga a gaba ya fi kowane dacewa, kuma kayan da za su zauna a ciki su ya kamata su faɗi girmansa.

Maganar girma tana farawa ne daga babban allo, wato madabod, wanda kowane sashe ke maƙalewa a jikinsa. A 1995 kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idar ATX, allo mai milimita 305 a tsayi da 244 a faɗi, wanda zai iya ɗaukar ramukan kati har bakwai. A 1997 aka samu microATX, milimita 244 ta kowane gefe, mai ramuka da ba su wuce huɗu ba. Sai a 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya kawo Mini-ITX, milimita 170 kacal ta kowane gefe, mai ramin kati guda. An tsara ramukan kusoshinsu ta yadda ƙaramin allo zai zauna a babban akwati, amma babban allo ba zai shiga ƙarami ba ko da an yi dabara.

Sai dai allo ya daina zama abin da ya fi ba da wahala. Katin hoto ne ya kumbura. Katin RTX 4090 na kamfanin Nvidia, samfurin da kamfanin ya ƙera da kansa, tsawonsa milimita 304 ne, yana cinye wurin ramuka uku, kuma wasu kamfanonin sun fitar da nasu samfurin da ya haura milimita 350. Haka ma na'urar sanyaya firosesa: Noctua NH-D15, wadda ta yi suna, tsayinta milimita 165, kuma akwai akwatuna da yawa da murfinsu ba zai rufu a kanta ba. Wanda ya zaɓi sanyaya da ruwa kuma zai nemi wurin lagireto mai milimita 240 ko 360, kuma idan ya kafa shi a gaba, kaurinsa da na fankokinsa zai rage wa katin hoto fili. Duk kamfanin kirki yana rubuta waɗannan iyakoki a bayanin akwatinsa. Minti goma na gwada lambobi ya fi a kwance kaya a tarar kati ya tokare ƙarfe, musamman a kasuwannin da ba a cika karɓar kayan da aka buɗe ba.

Hujjar da masu son ƙaton akwati suka fi kafawa ita ce zafi, kuma ba hujja ce ta banza ba. Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, kuma katin da aka ambata shi kaɗai yana iya jan wat 450. Amma faɗin ciki ba shi ke sanyaya kaya ba, wucewar iska ce. Ƙaton ɗaki marar taga ya fi ƙaramin ɗaki mai tagogi biyu da ke fuskantar juna zafi da rana, kuma haka abin yake a nan. Babban akwatin da aka toshe gabansa da gilashi, aka bar wa fankoki 'yar siririyar kafa a gefe, zai dafa kayan da matsakaici mai raga da fanka biyu ko uku masu milimita 120 ko 140 zai riƙe lafiya. Wannan batu ya fi nauyi a wurinmu. Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a intanet ana yin su ne a ɗakuna masu sanyi, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maradi zafin watan Afrilu yana kai digiri 40. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ke ƙaruwa a jikin firosesa, kuma idan ta kai iyakarta, wajen digiri 95 zuwa 100 a yawancin na zamani, sai ta rage gudu don ta kare kanta. Mai tace fim a Kano da ya biya kuɗin firosesa mai ƙarfi zai ga aiki yana jan ƙafa, ya zargi na'urar, alhali akwatin ne ya shaƙe ta.

To, ai raga tana shigo da ƙura, in ji wani, ga kuma hazon hunturu. Gaskiya ne, amma akwatin gilashi ma yana shan ƙura ta kowace kafa, sai dai ba a ganinta sai ta yi kauri. Maganin shi ne matata da ake iya zarewa a wanke, da kuma tsara fankoki ta yadda iskar da ke shiga za ta ɗan fi wadda ake fitarwa. Idan aka yi haka, iska za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi, ƙura kuma ba ta da hanya sai ta matata. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa share matatar akai-akai idan iska ta taso.

Akwai kuma masu cewa a sayi babba saboda gaba. Wannan shawara ce ta zamanin da ya wuce, lokacin da ake buƙatar katin sauti daban, katin intanet daban, na'urar faifan DVD, da faya-fayan ajiya huɗu ko biyar. Yau sauti da intanet suna jikin allo, ma'ajiyar M.2 kuwa faɗinta milimita 22 ne, tsayinta 80, a kan allon take kwanciya ba ta neman waya. Haɗa katin hoto biyu don wasa ma ya mutu, Nvidia ta cire mahaɗarsa daga jerin RTX 40. Ramuka bakwai na ATX, a yawancin gidaje, ɗaya ake amfani da shi har na'urar ta tsufa. Wanda ke tara bidiyo mai yawa a faya-fayai shida ko takwas, ko yake aiki da allon E-ATX da ya fi ATX girma, shi ne ke da dalilin sayen ƙato, kuma ya san kansa.

Ƙaramin akwati yana da kyau da sauƙin ɗauka, ban musa ba, kuma ga mai aikin ofis da ba ya buƙatar katin hoto ya wadatar. Amma ga na'ura mai ƙarfi, ƙanƙanta tana da farashi. Allon Mini-ITX yakan fi na microATX mai irin ƙarfinsa tsada, ramin RAM biyu kawai yake da shi, kuma akwatuna da yawa ba sa karɓar na'urar raba wuta sai ƙarama samfurin SFX. Nan ne nake jin tsoro a madadin mai saye a ƙasarmu, inda hawa da saukar wutar lantarki ke yawan kashe wannan na'ura. Idan na'urar raba wuta mai girman da aka saba, wato ta ATX, ta ƙone, za a iya samun madadinta a shagunan kwamfuta na manyan garuruwa cikin yini guda. Idan ta SFX ce, wataƙila sai an aika Legas ko an yi oda daga waje, aiki ya tsaya makonni. Matsakaicin akwati yana karɓar allon ATX da na microATX, yana barin hannun mai gyara ya shiga, kuma idan bayan shekara uku aka sayi kati mai tsawo, akwai kyakkyawan zaton zai samu wuri ba tare da an sake sayen akwati ba.