Karayar Ƙafa: A Ga Ƙashi Kafin a Zaɓi Magani

Duk wanda ya san zirga-zirgar babura tsakanin Gusau da Bungudu, ko cunkoson ranar kasuwa a Tsafe, ya san karayar ƙafa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ɗan kabu-kabu ya zame a kan yashi, babur ya danne masa ƙafa. Magini ya faɗo daga saman katanga ya dira a kan dunduniya. Amalanke ta taka manomi a hanyar gona, saurayi ya gurɗe a filin ƙwallo. Kafin mai ciwo ya gama salati an kewaye shi, kowa da fatawarsa: "Targaɗe ne, a ja masa." "Tunda ya iya takawa ai ba karaya ba ce." "Ku kai shi wajen mai ɗori, asibiti yankewa za su yi." A cikin wannan hayaniya ake yanke shawarar da mutum zai yi shekaru yana takawa a kanta.

Gardamar da aka saba yi ita ce wa ya fi, maɗori ko likita. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: wane ƙashi ne ya karye, kuma yaya ya karye? Sai an amsa ta sannan zaɓi yake da ma'ana, kuma hannu kaɗai, komai ƙwarewarsa, ba ya iya amsa ta.

Karaya kala-kala ce

Daga idon sawu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 26: guda 7 a dunduniya da kewayenta, dogaye 5 a doron ƙafa, sai 14 a yatsu. Kowanne da irin halinsa idan ya karye.

Karayar ƙaramin yatsa ita ce mai sauƙi. Yawanci haɗa shi ake yi da maƙwabcinsa a naɗe da filasta, a sa takalmi mai taurin ƙasa, cikin mako 4 zuwa 6 ya kama. Babban yatsa ya fi bukatar kulawa, domin da shi ake ture ƙasa a kowane taku. Dogayen ƙasusuwan tsakiya kuwa, in ba su goce daga mazauninsu ba, sukan haɗe cikin mako 6 zuwa 8 ba tare da tiyata ba.

Wanda ya fi yaudara shi ne na biyar, wanda ya bi gefen ƙafa ya nufi ƙaramin yatsa. Idan gindinsa ne ya ɓantare sakamakon gurɗewa, ba ya wahalar warkewa. Amma ɗan gaba kaɗan, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba, akwai wurin da jini ba ya isa sosai, kuma karayar nan takan yi taurin kai, wani lokaci ta ƙi haɗewa sam. Wani likitan Birtaniya, Robert Jones, shi ya yi bayaninta a 1902 bayan ta same shi da kansa, har yau kuma da sunansa ake kiran ta. A waje, kumburin waɗannan karaya biyu iri ɗaya ne, ciwon ma wuri ɗaya. Hoto ne kawai yake raba su.

Akwai kuma raunin tsakiyar ƙafa, inda dogayen ƙasusuwan suka haɗu da na baya. Shi ne yake yawan samun wanda babur ya danne wa ƙafa, kuma shi ne aka fi yi wa kallon targaɗe. Alamarsa ita ce taruwar jini a tafin ƙafa, daga ƙasa. In aka bar shi a goce, bakan ƙafa yakan rushe, mutum ya gaji ciwon gaɓa na dindindin. Karayar dunduniya kuwa ta masu faɗowa daga sama ce. Takan kai wata 3 kafin a yarda mutum ya taka, kuma dole a duba bayansa, domin ƙarfin dirar yakan hau har ƙashin baya.

Masu kallon ƙwallo za su tuna Neymar. A Fabrairun 2018 ya karya wannan ƙashi na biyar yana wasa a ƙungiyar PSG, aka yi masa tiyata a Burazil, ya yi kusan wata 3 kafin ya dawo ya buga gasar cin kofin duniya. A Janairun 2019 ƙashin ya sake samun rauni, wannan karon likitoci suka zaɓi jinya ba tiyata. Mutum ɗaya, ƙashi ɗaya, magani biyu, kowanne bisa abin da hoto ya nuna.

Ranar da abin ya faru

A cire takalmi tun ƙafar ba ta cika ba. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, domin duk suna ƙara kumburi, ja kuma yana iya gusar da ƙashin da a da yake zaune daidai. A ɗaga ƙafar a kan matashi, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na kimanin minti 20, a tallafe ta da kwali ko katako a ɗaure sakwa-sakwa.

Likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi tun 1992: wanda ya kasa yin taku 4, ko yake jin zafi idan an danna gindin ƙashin nan na biyar, ko ƙashin da ya ɗan turo a gefen ciki na tsakiyar ƙafa, ya kamata a yi masa hoto. A lura, iya takawa ba shaidar lafiya ba ce. Mutane da yawa sun yi kwanaki suna ɗingishi a kan karaya.

Akwai halin da ba a tsayawa shawara. Idan fata ta fashe a kan karayar, ko ƙashi ya leƙo, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, kada a zuba toka, ƙasa, man juye ko garin magani. Irin wannan tana bukatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Haka nan idan ƙafar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi, sun yi fari ko sun daina ji. Mai ciwon suga kuwa ko da ƙaramin rauni ne ya je, domin jijiyoyinsa ba sa kai masa rahoton ciwo yadda ya kamata, yana iya tattake karaya har ƙafar ta lalace bai sani ba.

Mutumin Tsafe ko Bungudu zai iya farawa da babban asibitin garinsu. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda yake wannan aiki tun 1959. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, musamman da dare. In tafiya ba ta yiwu ba sai da safe, a kwana da ƙafar a ɗage, ɗauri sakwa-sakwa, yatsu a buɗe ana duba su.

Ɗori: amfaninsa da iyakarsa

Ba adalci ba ne a raina ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma tun kafin a gano hoton ƙashi a 1895 maɗora suke tayar da mutane. Maɗori yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, yana yi wa majinyaci magana da harshen da yake ganewa, ga tofi da addu'a masu kwantar da hankali. Karaya da yawa suna warkewa a hannunsa, saboda ƙashin da bai goce ba, in aka hana shi motsi, da ikon Allah haɗewa yake yi.

Matsalar tana wuri biyu. Na farko, ba ya ganin ciki, don haka karayar da ta shiga gaɓa da wadda ba ta shiga ba duk ɗauri ɗaya suke samu. Na biyu shi ne tsananin ɗauri. A shafa man shanu, a jera karare kewaye da ƙafa, a bi da tsumma a tamke tamau. Ƙafar da ta karye kuwa ci gaba take yi da kumbura kwana biyu zuwa uku. Kumburin ya rasa wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Majinyaci ya kwana yana kuka, a ce masa, "Yi haƙuri, ɗori ne yake kamawa." Alhali cikin awa 6 zuwa 8 da yankewar jini tsoka ta fara mutuwa. Bayan kwanaki sai ƙuraje masu ruwa, sai baƙi, sai wari. A nan ne ake ɗaukar sa zuwa asibiti, likita ya ga babu abin da ya rage sai yankewa don a ceci rai, labari kuma ya koma ƙauye cewa asibiti sun yanke wa wane ƙafa. Tsoron da wannan labari ya haifar shi zai hana na gaba zuwa da wuri. Karayar ƙafa da aka kai a ranar farko da wuya ƙwarai ta kai ga yankewa, in ba ƙafar ce ta ragargaje ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi, ko ɗorin gida ne ko simintin asibiti. A danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki. In jini yana gudu, launinsa zai dawo cikin daƙiƙa 2. In ya yi jinkiri, ko yatsun sun yi sanyi, ko ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko motsa yatsa yana sa ihu, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti.

Abin da asibiti yake da shi

Ba kowace karaya ake yi wa aiki ba, mafi yawa ma ba a yi. Akwai takalmin jinya mai tauri, akwai siminti, wanda wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya bayyana dabararsa a 1852. Sau da yawa rabin siminti ake fara sawa, a bar wa kumburi hanya, sai ya saɓe a sa cikakke. Tiyata da sa ƙarfe ta karayar da ta goce ce, ko ta shiga gaɓa, ko ta fasa fata, ko ta ƙi haɗewa. Tana da tsada, tana da haɗarin ƙwayoyin cuta a wurin yanka, amma tana mayar da ƙashi mazauninsa daidai.

Majinyaci yana da haƙƙin tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne ya ce, "Likita, wane ƙashi ne? Ya goce ko yana zaune? In ban yi aiki ba me zai faru? Yaushe zan taka? Nawa ne gaba ɗaya?" A lissafin kuɗi kuma a haɗa da na gobe. Araha ba ta ado: ɗorin da ya kama a karkace gyaransa sai an sake karya ƙashin a ɗakin tiyata, kuma kuɗin ya ninka na farko, ban da watannin da aka yi ba sana'a.

Zaman jinya

Ƙashi gini ne irin na jar ƙasa, ba a ɗora masa nauyi yana ɗanye. Da farko jini ne yake taruwa a wurin. Cikin mako 2 zuwa 3 wani ɗanko mai taushi ya haɗa bakin karayar, ciwo ya ragu. Nan ne tarkon yake, domin a lokacin ne manomi yake tuna damina ba ta jira, ɗan kabu-kabu ya tuna balas ɗin mai babur. Ɗankon bai zama ƙashi mai tauri ba sai wajen mako 6 zuwa 12. Wanda ya taka kafin lokaci yakan mayar da kansa farko. Sannu ba ta hana zuwa. A nan ne 'yan'uwa da maƙwabta suke da rawar takawa: a yi masa gayya a gona, ƙungiya ta ɗauke masa wani nauyi, ya samu ya zauna.

A ci wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, riɗi, zogale da miyar kuka, a kuma sha hantsi. A bar sigari da shisha, domin suna tsuke hanyoyin jini su jinkirta haɗewa. A guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, da yawansu suna ɗauke da magungunan da ke raunana ƙashi, tiramol kuma yana ɓoye ciwo har mutum ya yi wa kansa ɓarna, ga kamu. Kada siminti ya jiƙe, kada a zura tsinke don susa. Wajen alwala malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, salla kuma ta halatta a zaune ga wanda ba zai iya tsayuwa ba. Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, alamar daskarewar jini ce, a garzaya asibiti.

Bayan an cire siminti ƙafar za ta fito a rame, gaɓa a sandare, da yamma ta kumbura. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan ɗauki watanni. Motsa yatsu, juya idon sawu, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, da zuwa sashen gashin ƙashi in an tura mutum, su ne suke dawo da tafiya.

Kira

Maɗora ba za su gushe ba, kuma ba a bukatar su gushe. A kudancin Habasha an gwada ba su gajeren horo a kan haɗarin matse ɗauri, rahoton da aka buga a 2005 kuma ya nuna yanke gaɓoɓi ya ragu. Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara, tare da masarautun Gusau, Tsafe da Bungudu, za su iya haɗa maɗora da likitoci a zaure ɗaya a yi irin wannan. Abu uku kawai in aka amince da su an rage asara mai yawa: ba ɗori sai da hoto, ba ɗori a kan karayar da ta fasa fata ko ta goce, kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu sanyi a kwance shi a tura asibiti. Maɗorin da ya ce, "Je ka yi hoto ka kawo mini," ƙima ya ƙara wa gadonsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da tsautsayi.