Gumakan da Suka Yi Tafiya a Kan Takarda

A shekarar 1638 wani mai zane ɗan Faransa, François Perrier, ya fitar da littafi mai hoto ɗari na mutum-mutumin da ke birnin Rum. A cikinsu akwai gumakan da Girkawa da Rumawan dā suka bauta wa, irin su Apollo da Venus. Zamanin babu kyamara, don haka wanda ba shi da guzurin zuwa Italiya sai ya sayi takarda ya sha kallo a ɗakinsa.

Aikin sai mai haƙuri. Ana shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a zana siffar gunkin da allura, sannan a tsoma shi cikin asid ya cinye wuraren da allurar ta bi. Daga nan a cusa tawada cikin layukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu, sai fa in mai zanen ya yi dabarar juya shi tun a faranti. Masu sayen irin waɗannan takardu a yau sukan shafa gefensu da yatsa su ji shatar da farantin ya bari, domin bugun zamani sumul yake.

Yankinmu ma yana da nasa mutum-mutumin, na yumɓu gasasshe, waɗanda ake kira Nok, masu shekara fiye da 2000. An tono su tun daga Kagara, kudu da Birnin Gwari, har Katsina-Ala. Wani kan mutum-mutumi da aka kai wa Bernard Fagg, mai binciken kayan tarihi, a 1943 ma, a gonar doya aka kafa shi don tsorata masu ɓarna.

Sai dai namu ba hotonsu ya yi tafiya ba, su ne da kansu. 'Yan tono sukan farfasa wuri su kwashe, babu zane, babu rubuta inda aka samu, kuma wannan asarar ta fi ta kuɗi. A 2000 gidan tarihi na Louvre da ke Faransa ya baje biyu na Nok, aka yi ta cece-kuce. A 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, amma ta riƙe su aro na shekara 25.