Shirin ɗorewar aiki

Shirin ɗorewar aiki shi ne tanadin da kamfani, hukuma, asibiti, makaranta ko wata ƙungiya ke yi tun kafin bala'i ya auku, domin muhimman ayyukanta su ci gaba da gudana a lokacin bala'in, ko kuma a dawo da su cikin ɗan lokaci bayansa. Bala'in yana iya zama gobara, ambaliya, girgizar ƙasa, annoba, yaƙi, yajin aiki, ɗaukewar wutar lantarki ta kwanaki, ko kutse a kwamfutoci. Shirin ba ya hana aukuwar ko ɗaya daga cikinsu. Amfaninsa shi ne a amsa wasu tambayoyi tun ana zaune lafiya: wane aiki ne bai kamata ya tsaya ba, wa zai yanke shawara idan shugaba ba ya nan, a ina ma'aikata za su zauna idan ginin ya ƙone, kuma a ina aka ajiye kwafin takardu.

Suna

Ana iya kiransa "shirin ci gaban aiki", sai dai kalmar ci gaba tana da fuska biyu a Hausa. Tana nufin rashin tsayawa, kamar a ce "ya ci gaba da tafiya", tana kuma nufin bunƙasa, kamar a ce "ci gaban ƙasa". Wanda ya ji "shirin ci gaban kasuwanci" zai ɗauka maganar ƙarin riba ake yi, alhali maganar tsira ce. Shi ya sa kalmar ɗorewa ta fi dacewa a nan.

Tarihi

Fannin ya samo asali ne a shekarun 1970, lokacin da bankuna da kamfanonin inshora a Amurka suka mayar da lissafinsu kan manyan kwamfutoci. Banki ɗaya yakan dogara da na'ura guda a ɗaki guda, kuma idan ta lalace aikin kowa ya tsaya. A ƙarshen shekarun aka fara samun kamfanonin da sana'arsu ita ce ba da hayar ɗakin kwamfuta na ko-ta-kwana. A shekarar 1983 hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasa a Amurka ta umarce su da su tanadi irin wannan shiri. A wancan lokacin na'ura kawai ake tunani. Daga baya aka gane cewa na'ura mai aiki ba ta da amfani idan babu ma'aikata, babu ofis, babu layin waya, sai fannin ya faɗaɗa ya haɗa da mutane da gine-gine da masu kawo kaya.

Fargabar da aka yi cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000 ta sa kamfanoni da dama suka rubuta shirinsu na farko. Harin 11 ga Satumba 2001 ya gwada waɗannan shirye-shirye sosai, domin kasuwar hannun jari ta New York ba ta sake buɗewa ba sai ranar 17 ga watan. Birtaniya ta fitar da ƙa'idar BS 25999 a 2006 da 2007, sannan ƙungiyar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ISO 22301 a 2012, aka sabunta ta a 2019. Ita ce ake auna kamfanoni da ita a ƙasashe da yawa a yau.

Yadda ake tsara shi

Aiki na farko shi ne tantance illar tsayawar kowane sashe. Ana zama da shugabannin sassa a tambaye su abin da zai faru idan sashensu ya tsaya na awa ɗaya, na yini ɗaya, na mako ɗaya. A asibiti, ɗakin tiyata da firjin ajiye jini ba za su jure ɗaukewar wuta ta awa ɗaya ba, amma ofishin ɗaukar ma'aikata zai iya rufewa na mako guda ba wanda ya mutu. Wannan mataki ya fi kowane wahala, saboda da wuya shugaban sashe ya yarda cewa aikinsa yana iya jira.

Daga nan ake fitar da lokuta biyu da kusan kowane shiri ke ɗauke da su. Na farko shi ne wa'adin dawo da aiki, wato iyakar lokacin da za a iya jurewa kafin aikin ya tashi. Na biyu shi ne iyakar bayanan da za a iya asara, shi ma da lokaci ake auna shi. Idan kamfani yana kwafe bayanansa sau ɗaya kullum da tsakar dare, kuma kwamfutarsa ta ƙone da ƙarfe huɗu na yamma, aikin awa 16 ya tafi. Ga kantin littattafai wannan ba wata babbar asara ba ce. Ga banki kuwa, yana nufin duk kuɗin da aka tura tun safe babu shaidarsu. Duk lokacin da aka rage waɗannan lokuta biyu, kuɗin tanadin yana ƙaruwa, don haka masu kamfani ne ya kamata su yanke su, ba injiniyoyin kwamfuta kaɗai ba.

Sauran abubuwan da ke cikin shirin sun haɗa da jerin lambobin wayar ma'aikata, wanda zai maye gurbin wane, wurin da za a koma aiki, janareta da mansa, da wanda aka ba izinin magana da 'yan jarida. Inshora tana da nata wurin, amma kuɗi take mayarwa, ba ta dawo da abokan cinikin da suka koma wani wuri a makonnin da kamfani yake rufe.

Kwafin ajiya

Ƙa'idar da aka fi sani wajen adana bayanai ita ce ta 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Sharaɗin ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu daga cikin masu hulɗa da kamfanin suna da kwafin ajiya, amma a wuri ɗaya da na asalin, duka suka ƙone tare. Irin haka ta faru a 2001, inda wasu cibiyoyin kuɗi suka tarar ofishinsu na ko-ta-kwana yana unguwa ɗaya da wanda ya rushe, a yankin da jami'an tsaro suka rufe.

Abin da ya sami Maersk a 2017

Misalin da aka fi kawowa a wannan fanni shi ne na Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Danmak, wanda a lokacin shi ne mafi girma a duniya wajen jigilar kwantena. Ranar 27 ga Yuni 2017 wata manhajar ɓarna da aka sa wa suna NotPetya ta bazu daga ƙasar Yukren. Ta bi ta cikin M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita, kuma Maersk yana da ita a wata kwamfuta a ofishinsa na birnin Odesa. A fuska, NotPetya tana neman kuɗin fansa na dala 300, amma an ƙera ta ne yadda ko an biya bayanan ba za su dawo ba. A watan Fabrairun 2018 Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin kan sojojin Rasha, ita kuma Rasha ta musanta.

Cikin ɗan lokaci kwamfutocin Maersk a ƙasashe daban-daban suka mutu. Tashoshin jiragen ruwa 17 daga cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa suka tsaya, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa saboda babu na'urar da za ta faɗi abin da ke cikin kowace kwantena. Ma'aikata suka koma karɓar odar kaya ta WhatsApp da adireshin imel nasu na kansu.

Kamfanin yana da kwafin ajiya na kusan dukkan manyan kwamfutocinsa, waɗanda ake kira sabar. Abu ɗaya ne aka rasa. Akwai wasu sabar kimanin 150 da ke riƙe da rajistar ma'aikata, wato sunan kowa da kalmar sirrinsa da abin da aka ba shi izinin buɗewa. An tsara su yadda kowace ke kwafar 'yar'uwarta, aka ɗauka cewa idan ɗaya ta lalace sauran suna nan. Tsarin ya yi tanadin mutuwar ɗaya ko goma, bai yi tanadin mutuwarsu duka a lokaci guda ba. Kuma idan babu wannan rajista, sauran kwafin ba za su taɗa komai ba, kamar gida ne cike da kaya aka ɓatar da makullinsa.

Injiniyoyin da suka taru a garin Maidenhead na Ingila suka yi ta kiran ofisoshin kamfanin ɗaya bayan ɗaya, har aka sami sabar guda da ta tsira a ƙasar Gana. An ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ta mutu, ba ta kan layi lokacin da manhajar ke yawo. Intanet ɗin ofishin ba ta da ƙarfin tura bayanan cikin gaggawa, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar shiga Birtaniya. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauki ma'ajiyar bayanan ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin kamfanin a filin jirgi, shi kuma ya wuce da ita Landan.

Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos na Janairun 2018 cewa sun sake girka sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, kuma asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Ana yawan ba da labarin a matsayin nasara, kuma ƙoƙarin ma'aikatan ya cancanci yabo, amma ɗaukewar wuta a Gana ba ta cikin shirin kowa. Tun daga lokacin masana suka ƙara matsa wa kamfanoni su riƙa ajiye aƙalla kwafi ɗaya wanda ba ya haɗe da kowane layi.

Dogaro da wasu

Bala'in da ya sami wani kamfani yana iya durƙusar da wanda ke sayen kaya a wurinsa. A watan Maris na 2000 tsawa ta haddasa gobara a masana'antar Philips da ke Albuquerque a Amurka, inda ake ƙera ƙananan na'urorin da ke cikin wayar salula. An kashe wutar cikin 'yan mintuna, amma hayaƙi da ruwa sun gurɓata ɗakunan da ba a yarda ko ƙwayar ƙura ta shiga ba. Nokia da Ericsson duka a can suke saye. Nokia ta tashi nan da nan ta nemi wasu masu ƙerawa, ta kuma matsa wa Philips ya ware mata wuri a sauran masana'antunsa. Ericsson ta amince da cewa jinkirin na ɗan lokaci ne, kafin ta farga babu sauran inda za ta saya. Ta yi asarar cinikin ɗaruruwan miliyoyin dala, kuma a 2001 ta haɗe sashen wayoyinta da na Sony, ko da yake gobarar ba ita kaɗai ce matsalar sashen ba.

Wani lokaci dogaron a ɓoye yake. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, ciki har da Gana da Najeriya, inda manhajojin wasu bankuna suka daina aiki. Kamfanin da ya ɗauki layi daga masu sayar da intanet biyu don kariya yana iya tarar da cewa layukan biyu ta hanya ɗaya suka bi a ƙarƙashin ruwa.

Atisaye

Shirin da aka rubuta aka ajiye a durowa ba a san ingancinsa ba sai an gwada. Gwajin yana iya zama na zaune, inda shugabanni ke tattauna wani bala'i na ƙirƙira mataki-mataki, ko na zahiri, inda ake kashe babbar sabar da gangan ko a fitar da kowa daga gini. A nan ake gano lambar wayar da ta daina aiki, da janaretan da babu mai a cikinsa, da kwafin ajiyar da ya ƙi buɗuwa.

Rick Rescorla, ɗan asalin Ingila kuma tsohon soja, shi ne shugaban tsaro na kamfanin Morgan Stanley a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York. Bayan harin bam na 1993 a cibiyar, ya riƙa tilasta wa ma'aikata, har da manyansu, yin atisayen sauka ta matakala a kai a kai, abin da wasunsu suka ɗauka ɓata lokaci ne. Safiyar 11 ga Satumba 2001, da jirgi ya daki ginin arewa, an yi sanarwa a ginin kudu cewa kowa ya zauna a inda yake. Rescorla bai bi sanarwar ba, ya ɗauki lasifikar hannu ya umarci mutanensa su fita. Ma'aikata kusan 2,700 suka tsira. Shi kuwa ya koma ciki neman waɗanda suka rage, ginin ya rushe yana ciki.

Suka

Babban sukar da ake yi wa fannin shi ne cewa yakan koma aikin takarda. Kamfani yana iya samun shaidar ISO 22301 don ya gamsar da masu bincike ko ya ci kwangila, alhali yawancin ma'aikatansa ba su taɓa ganin shirin ba. Annobar korona ta 2020 ta fito da wani giɓin. Shirye-shirye da yawa sun yi tanadin rasa gini ɗaya na 'yan kwanaki, da komawa wani ginin a wani gari. Kaɗan ne suka yi tanadin a rufe dukkan ofisoshi a dukkan garuruwa na tsawon watanni, kamfanoni suka shiga rububin sayen kwamfutocin tafi-da-gidanka domin ma'aikata su yi aiki daga gida.