Takardar koke: daga tsoffin sojan Bama zuwa tsofaffinmu na Tafo

Kowace shekara, ranar 28 ga Fabrairu, ana ajiye furanni a mararrabar Christiansborg da ke Osu a birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara. A busa begila, a ambaci sunaye uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Ni ma ina koyar da sunayen nan a aji, yara kuma suna haddace su saboda jarrabawa. Abin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba shi ne abin da mutanen suka riƙo a hannu a ranar: takardar koke ce, suna so su miƙa wa Gwamna.

A kan wannan takarda nake so mu yi hira yau, jama'a. Talaka ba ya ganin mai mulki ido da ido, takarda ce ke zuwa a madadinsa. Tarihinmu na Zango kuwa ya nuna cewa duk ranar da ta ɓaci, mu ne kan zo hannu wofi.

Fanshon da ya girgiza mulkin Turawa

Mutanen da suka yi jerin gwano a 1948 tsoffin sojoji ne da suka yi wa Ingila Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a dazuzzukan Bama. Sun dawo Gwalkwas sun tarar da tsadar kaya da rashin aiki, fansho da kuɗin sallama kuma ba su taka kara sun karya ba. Sai ƙungiyarsu ta rubuta kokenta, suka nufi fadar Gwamna Gerald Creasy. A mararraba 'yan sanda suka tare su, wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya buɗe wuta, mutum uku suka faɗi.

Tarzoma ta ɓarke a Ankara, ta bazu har nan Kumasi, mutum 29 suka rasu. Aka kama shugabannin siyasa shida, cikinsu har da Kwame Nkrumah da J.B. Danquah. Daga nan aka kafa kwamitin bincike na Watson, sai kwamitin Coussey na 1949, sai zaɓen 1951, har zuwa 6 ga Maris 1957. Kun ga ke nan, maganar fansho ce ta kunna wutar da ta kai ƙasar nan ga 'yanci.

Wannan labari namu ne mu ma. Rundunar da ta zama sojan Gwalkwas ta samo asali ne daga dakarun Hausawa da aka tsara a 1879, kuma an daɗe ana magana da Hausa a bariki. Da yawan masu kakin 'yan Arewa ne, da Mosawa da Zabarmawa da sauransu, kuma bayan sallama a zango-zango suka yada buzu. Amma tambayi gidaje goma a Tafo: su waye ke riƙe da littafin sallama na kakansu, ko lambarsa ta soja? A ajina na taɓa yin tambayar. Yara da dama sun ɗaga hannu cewa kakansu ya je Bama, babu ɗaya da ya taɓa ganin takardar.

Ranar da aka ce a kawo shaida

A 1957, wata biyar kacal bayan samun 'yanci, gwamnati ta ba da umarnin korar manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jagorori a jam'iyyar Musulmi ta MAP. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan Ghana ne, ba a da ikon korarsu. Kafin shari'a ta ƙare, majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu, aka rufe ƙarar, aka kai su Nijeriya. Idan haka ta faru da masu kuɗi da lauyoyi, ina ga mai tallar goro?

Amsar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da umarnin nan da tsofaffinmu ke kira “Eliyans”. Duk baƙon da ba shi da izinin zama, an ba shi kwana 14 ya samo ko ya bar ƙasa. Alƙaluman waɗanda suka fita sun sha bamban, amma ko mafi ƙanƙantarsu ya haura mutum 100,000. A cikinsu akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ko Ilori ko Wagadugu ba. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, an yi cincirindo a tasha ana neman mota. Wanda bai iya nuna inda aka haife shi da inda aka haifi iyayensa ba, bakinsa bai yi masa amfani ba.

A Janairun 1983 kuma reshe ya juye da mujiya. Gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Nijeriya, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Sai ga ƙasa gaba ɗaya ta koma layin neman agaji.

Abin da ya faru a Ailan

Don kada mu ɗauka mu kaɗai aka taɓa tsayarwa a ƙofar ofis, bari mu leƙa ƙasar Ailan, wadda ita ma Ingila ta mulka. Daga 1801 daga Landan ake yi mata doka, amma a fadar Dablin akwai ofishin Babban Sakatare, inda koke-koken jama'a ke sauka. Gwauraye mata na roƙon fanshon mazajensu, tsoffin ma'aikata na neman a duba tsufansu, limaman coci na neman agaji wa ƙauyukan da yunwa ta kama. Akwai kuma masu roƙon gwamnati ta biya musu kuɗin jirgi su bar ƙasar. Mu an kore mu muna roƙon zama, su suna roƙon a taimaka musu su fita, amma talauci da takarda iri ɗaya ne.

A 1825, da gwamnati ta ɗauki nauyin kai mutane Kanada ƙarƙashin jagorancin Peter Robinson, kimanin mutum 50,000 suka nema, waɗanda jirage tara suka ɗauka daga Cork kuwa 2,000 ne da 'yan kai. Shekara 20 bayan haka babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta zo, ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wasu wajen miliyan ɗaya suka yi hijira.

Ɓangaren da ya fi kama da halinmu shi ne na fanshon tsofaffi. A 1908 aka yi dokar ba talakan da ya kai shekara 70 sule biyar a mako, aka soma biya a Janairun 1909. To, a Ailan sai a 1864 aka fara rajistar haihuwa ta gwamnati. Wato duk wanda ya cancanci kuɗin, an haife shi tun babu takardar haihuwa. Yaya aka yi? Hukuma ta yarda a duba takardun ƙidayar 1841 da 1851, a ga ko sunan mutum na ciki yana yaro. Akwai kuma wata gagarumar iska da ta ɗaiɗaita ƙasar a daren 6 ga Janairu 1839, shekara 70 daidai kafin fara biyan. Sai ya zama ana tambayar tsoho ko yana da labarin daren, ko an riga an haife shi a lokacin.

Ga abin mamaki: a 1922 gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dablin lokacin yaƙin basasa, yawancin takardun waccan ƙidaya suka ƙone. Fom-fom ɗin da tsofaffi matalauta suka cike suna neman sule biyar, su ne suka tsira, kuma yau da su jikoki a Amurka da Kanada ke gano asalinsu.

Tsohuwa mai koko

Mu dawo Tafo. A unguwarmu duk wanda ake kira Tica, shi ne magatakarda, ko ya so ko bai so ba. Bayan la'asar a kawo maka fom, a kawo wasiƙa, a ce ka duba. Cikin masu zuwa akwai wata tsohuwa da ta yi sama da shekara 40 tana sayar da koko da ƙosai. Ta ji an ce wanda ya kai 70 an ɗauke masa kuɗin shekara na inshorar lafiya, amma takardunta sun rage mata shekaru masu yawa. A wata rajista ta can baya, mai rubutu ya dubi fuskarta ya yanka mata shekara, ita kuwa ba ta karatun boko, ta dangwala yatsa ta tafi.

Na ce, “Mma, yaushe aka haife ki?”

Ta ce, “Ɗana, wa ya rubuta? Abin da na sani, ranar da Sarauniyar Ingila ta zo Kumasi ina goye da ƙanena, aka hana mu fita kallo.”

Sarauniya ta zo a Nuwamban 1961. Yarinyar da ake ba goyo ta kai bakwai ko takwas. Ku yi lissafin da kanku. Mun rubuta, mun haɗa da takardar rantsuwa da shaidun dattawa biyu, har yanzu muna bin sawu. Kafin nan, duk wata daga ribar koko take sayen maganin hawan jini.

Mu ma muna da namu “daren iska”: girgizar ƙasa ta Yunin 1939, husufin rana na Mayun 1947, canjin kuɗi zuwa sidi a 1965, juyin mulkin Fabrairun 1966, komawar tuƙi hannun dama a Agustan 1974. Ma'aikatan ƙidaya suna amfani da jerin irin waɗannan abubuwa don ƙiyasta shekarun wanda bai san ranar haihuwarsa ba. Abin da hukuma ta yarda da shi ranar ƙirga mutum, me zai hana ta sauƙaƙa shi ranar ba shi haƙƙinsa? Wannan koke ne da ya dace sarakunan Zango da 'yan majalisarmu su ɗauka a rubuce.

Koken da ake saurare

A Fabrairun 2023 tsofaffi 'yan fansho sun yi kwanaki suna zaman dirshan a harabar Ma'aikatar Kuɗi a Ankara, saboda shirin sauya basussukan cikin gida ya taɓa ajiyarsu. Har tsohuwar Babbar Mai Shari'a Sophia Akuffo ta zo ta zauna da su. Ƙarshe aka tsame su daga shirin. Me ya bambanta su da Mma mai koko? Suna da ƙungiya, suna da takardun shaida, sun san buƙata ɗaya da suke nema da ofishin da ke da ikon biyanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙofofin suna nan. Shirin LEAP, wanda ya fara a 2008, yana tallafa wa tsofaffi 'yan 65 zuwa sama da ba su da mai kula da su. Dokar fansho ta 2008 ta buɗe hanya ga mai aikin kansa, tela ko direba ko mahauci, ya riƙa zuba wani abu, kuma a SSNIT sai an zuba na wata 180 ake samun fanshon wata-wata. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta ce wanda aka haifa a nan kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan aka haife shi. Hukumar CHRAJ tana karɓar ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati kyauta. Dokar samun bayanai ta 2019 kuma ta ba jami'i kwana 14 ya yanke hukunci kan buƙatarka. Kwana 14 aka ba kakanninmu su tattara kaya. Yau doka ta ba mu ikon mu ƙirga wa ofis kwana 14.

Daga abin da na gani, ga shawarata. In za ka rubuta koke, kada ya wuce shafi ɗaya: wane ne kai, me ya faru, yaushe, me kake so a yi. Sa kwanan wata. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka. Kada ka ba da ainihin takardarka, ba da hotonta. Idan ku goma ne da matsala iri ɗaya, ku rubuta tare, ku bi ta hannun ɗan asambule da sarkin unguwa.

Sai kuma aikin cikin gida. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin jariri ya cika shekara ɗaya. Kuɗin ragon suna ya ninka kuɗin motar zuwa ofishin sau nawa? Matasa masu manyan wayoyi, ku zauna da kakanninku tun suna raye, ku ɗauki muryarsu: a ina aka haife su, wane gida, wa ya sauke ubansu a Zango, me suke tunawa. Ku buɗe tsofaffin adakoki, ku ɗauki hoton rasit ɗin lampo, katin awon asibiti, takardar fili, littafin sallama. Masallatan da ke da littafin aure da na suna su adana shi kamar dukiya, waɗanda ba su da shi su sayi littafi a makon nan.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya taɓa kamawa a 1969, kuma waɗanda suka ga ranar suna nan zaune a ƙofar gidajenmu, kullum suna raguwa. Allah Ya ba tsofaffinmu lafiya, Ya sa mu rubuta kafin su tafi da abin da suka sani.