Taki Ma Daddawa Ne

Duk wanda ya tashi a gidan da ake yin daddawa ya san ba a yi wa kalwa gaggawa. A dafa ta har ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a juye a masaki a lulluɓe, a tura lungu kwana biyu ko uku. In ka cusa hannu sai ka ji ɗumi, alhali ba wuta a ƙarƙashi. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke aikinsu. Wanda ya kasa haƙuri ya buɗe tun a daren farko, dafaffiyar kalwa zai tarar, ba abin miya ba.

Wannan kuskuren ne na yi da fulawoyin da na jera a baranda cikin tsofaffin bokitan fenti. Ƙasarsu ta daskare kamar daɓe, in an zuba ruwa sai ya kwanta a sama. Na debo ɗanyen kashin kaji na zuba, ina ganin gata na yi musu. Mako bai zagayo ba bakin ganyayyakin ya ƙone. Ashe ɗanyar kalwa na zuba a miya.

Takin kirki sai an bar shi ya nuna. Ɓawon ayaba da na dankali, ganyen shayin da aka tace, ragowar alayyafo da kashin awaki, kashi ɗaya ke nan. Busasshen ganye da ɓuntun shinkafa kashi biyu ko uku. A jera su hawa-hawa a rami ko a bokiti mai huji, a yayyafa ruwa su yi danshi irin na tsumman da aka matse. Tari babba yakan ɗau zafi har ya kai digiri 60, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa. Duk mako a juya shi ya sha iska, don in ya rasa iska ɗoyi zai yi, maƙwabta kuma ba za su yi shiru ba. Nama da mai da ragowar miya kuwa kada su shiga, sai dai in ana marmarin ɓeraye. A zafi irin namu wata biyu zuwa uku ya isa. Za ka ga ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.

Takin zamani fa? Shi dunƙulen magi ne. NPK 15-15-15 yana ba shuka abinci nan take, ban raina shi ba, amma ba ya sassauta ƙasar da ta daskare, kuma in ya yi yawa a tukunya gishirinsa kan taru ya cutar da saiwa. Takin gida shi ke buɗe ƙasa, ruwa ya ratsa, saiwa ta numfasa.

Sai dai ba a miya da daddawa zalla. Kashi ɗaya na taki, biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, gindin bokitin kuma a huda shi. Ɓawon ayabar da za ka ci yau, kada ka jefa shi a bola.