Ruwa garai-garai ma yana iya ɗaukar guba: yadda ake gano ta da haske

Ya ku iyaye mata da ƴan sa-kai na unguwanni, kun san tafasa ruwa ko jefa masa ƙwayar Aquatabs yana kashe ƙwayoyin cutar zawo. Amma akwai gubar da ta narke cikin ruwa, ba launi, ba wari, kuma tafasawa ba ta fitar da ita.

A Tibiri ta jihar Maradi, rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 tana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan fari ne tas. An yi shekaru ana sha, har haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe.

A nan Dabaga, rijiyoyi da dama na kusa da garake ne a bakin korin Telwa. Takin zamanin da ake zuba wa albasa yana iya tsiyaya ƙasa ya bar sinadarin nitirat cikin ruwa. Idan ya haura miligiram 50 a lita, yakan hana jinin jariri ɗaukar iska, leɓunansa su yi shuɗi. Tafasawa ma ƙara taruwarsa take yi, domin ruwan ne ke tafiya tururi. Wannan ƙarin dalili ne na ba jariri nono zalla, ba ko kurɓin ruwa, har ya cika wata 6. Inda ake wanke zinari kuma, abin tsoro zaiba ce da dalma.

To, yaya ake ganin abin da ido ba ya gani? Ku watsa gishiri a wuta, harshenta zai yi rawaya. Haka kowane sinadari yake da irin hasken da yake fitarwa ko yake sha, kamar zanen yatsa. A ɗakin awo, ana ɗiga wa ruwan wani magani ya yi launi, a haska shi da fitila, na'ura ta auna hasken da ya ɓace. Yawansa shi ne yawan gubar. Dalma kuwa, sai an mai da ɗigon ruwan tururi da zafi mai tsanani kafin a haska. Iyakarta mikirogiram 10 a lita, wato giram 1 cikin bido 5,000 masu lita 20. Yaron da ke da ƙarancin jini ya fi saurin shanye ta, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Idan an aike ku ɗebo ruwan gwaji, ku yi amfani da kwalbar da ma'aikaci ya ba ku kaɗai, ban da ta mai ko ta lemo. Ku cika ta, ku toshe, ku rubuta sunan rijiyar da kwanan wata, ku ajiye a inuwa, ku kai a ranar. Kada ruwan sha ya shiga bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshi. In kun ga haƙoran yaran da ke shan rijiya ɗaya suna rinewa, ku sanar da CSI. In leɓen jariri ya yi shuɗi, ku kai shi nan take.