Rediyon Wa Muke Ji? Shirin Musamman Ga Mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Paki da Saulawa da Auchan, da na Maƙarfi da Gimi da Gazara da Tashar Yari, da na Kudan da Hunƙuyi da Likoro. Sannunku da aiki manoman rani da ke fadama, da masu dafa mazarƙwaila, da iyayenmu mata da ke aikin tsakar gida rediyo na gefe yana magana. Shirinmu na yau a kan rediyon kansa ne. Wa ya mallake shi? Wa ke yanke abin da za a faɗa a cikinsa? Kuma me ya sa mutum zai wuni yana saurare, ya ji labarin Abuja da Legas da Gabas ta Tsakiya, amma bai ji kuɗin da aka sayar da kwandon tumatir a kasuwar garinsu ba?

Duk wanda ya saba kama tashar gwamnati ya san abin da ke faruwa da ƙarfe bakwai na safe da kuma huɗu na yamma. Ana cikin shiri da Hausa sai a yi sallama, a ce za a sada mu da Abuja domin labaran ƙasa. Daga nan sai Turanci. Wani ya rage murya, wani ya murɗa gaba. Wannan sadarwar tana da tarihi, kuma a nan jiharmu aka yi babban ɓangarensa.

(KIƊA KAƊAN)

Tsarin mulkin 1954 ne ya ba jihohin Nijeriya uku na wancan lokaci damar kafa gidajen watsa labarai nasu na kansu. Jihar Yamma ta riga kowa, Cif Awolowo ya buɗe nasa a Ibadan a 1959. Gabas ta biyo baya a 1960. Sai a watan Maris na 1962 gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe na Arewa a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Sunansa a takarda BCNN, amma a bakin mutane Rediyo Kaduna ne, kuma har gobe haka dattawa ke kiransa.

A lokacin akwai rediyon tarayya, NBC, wanda aka kafa a 1957, har yana da reshe a Kaduna. To me ya sa Sardauna ya kashe kuɗi ya gina wani? Saboda linzamin wancan yana Legas. Shugabannin Arewa sun ga cewa idan ana gardama a kan makomar ƙasa, wanda ba shi da bakin kansa sai dai ya ji ana ba da labarinsa.

Wanda bai rayu da Rediyo Kaduna ba zai yi wuya ya gane girmansa. A gajeren zango, mita 49, ana kama shi a Maraɗi da Damagaram, ana jin sa a zangon Hausawa na Kumasi da arewacin Kamaru. Amma abin da ya ɗaure shi da zuciyar talaka ba nisan zangon ba ne. Zaɓi Sonka ne, inda saurayi a ƙauye zai cika kati ya aika, ya yi ta jira, ran nan sai ya ji an ambaci sunansa da na ƙauyensu, da na abokansa ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan hanya aka ƙulla zumuncin da ya kai ga ziyara, har da auratayya, tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Ga Jakar Magori, mai kwaso ƙananan labaran da babbar jarida ba ta kulawa da su. Ga Samanja na marigayi Usman Baba Pategi. Ga faya-fayen Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, waɗanda gidan ya ɗauka ya adana. Manomi a Gazara bai san ofishin da ke biyan albashin ma'aikatan gidan ba, amma ya san cewa da shi ake magana.

Sai sojoji suka fara tattara komai wuri ɗaya. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, aka raba ta shida, gidan ya zama na haɗin gwiwar sababbin jihohin. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jaridar New Nigerian. Talabijin ya bi, dokar soja ta 1977 ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin NTA. A 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka zo kan rediyo. Aka narkar da NBC da BCNN aka fitar da hukuma guda, FRCN, wato Rediyon Tarayya, Kaduna ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshinta tare da Legas da Ibadan da Inugu. Jihohi kuma aka miƙa musu ƙananan rassan NBC da ke yankunansu, aka ce su tsaya a matsakaicin zango, gajeren zango na tarayya ne. Daga wannan rabo ne jihar Kaduna ta sami gidan da a yau muke kira KSMC.

Ku lura da yadda musayar ta kasance, jama'a. An ɗauki babbar murya an kai tarayya, an ba jiha ƙarama, an kuma gindaya mata iyakar da ba za ta wuce ba. Hujjar sojoji ita ce haɗin kan ƙasa, domin sun ga rawar da gidajen rediyon jihohi suka taka a rikicin 1966 da yaƙin basasa. Hujja ce mai nauyi, ba za a yi watsi da ita ba. Kuma a faɗi gaskiya, Rediyon Tarayya na Kaduna bai zubar da Hausa ba. Ya ci gaba da shirye-shirye irin su Barka da Yau da Hannu Da Yawa, ya horar da ma'aikatan da daga baya suka riƙe sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje. Sai dai tun daga ranar, wanda ke naɗa shugaban gidan, da wanda ke sakin kuɗin man janareta da gyaran injinan watsa shirye-shirye da ke Jaji, ba a Kaduna yake zaune ba. Yana Legas, daga baya ya koma Abuja.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin da mai linzami zai iya yi da shi. A Jamhuriya ta Biyu, NPN ke mulkin tarayya, Alhaji Balarabe Musa na PRP ke gwamnan Kaduna, majalisar jiha kuma tana hannun NPN. Rediyon tarayya yana faɗin tasa, na jiha yana faɗin tasa, har aka tsige gwamnan a watan Yunin 1981. A Kano, Abubakar Rimi sai da ya kafa talabijin na jiha, CTV, don kada NTA ta zama ita kaɗai ke ba da labarinsa. Mai sauraro a Hunƙuyi ya sami baki biyu, ɗaya na shugaban ƙasa, ɗaya na gwamna. Nasa bakin fa?

(KIƊA KAƊAN)

A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, ta kafa hukumar kula da gidajen watsa labarai, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara a Legas a 1994. Freedom ta buɗe a Kano a 2003, daga baya ta yi rassa har da Kaduna. Aka sami Nagarta, da Alheri, da Liberty. A Zariya ga Queen FM ta jiha, ga tashar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Alhamdu lillahi, tashoshi sun yawaita, talaka ya sami inda zai buga waya ya yi kuka, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin baki ɗaya.

Amma ku duba inda tashoshin suke. Birni ne, domin a birni talla take. Kuma riƙe gidan rediyo ba wasa ba ne: ga kuɗin lasisi, ga dizal, ga albashi. A watan Agustan 2022 hukumar ta yi shelar soke lasisin gidaje 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2, cikinsu har da na gwamnatocin jihohi, kafin daga baya ta sassauta. Wanda ke cikin irin wannan matsi me zai yi? Zai sayar da fili ga mai kuɗi. Ɗan siyasa ya saya ya zuba sojojin baka, mai maganin gargajiya ya saya, sauran lokacin a cike shi da shirin da aka haɗa a hedikwata aka rarraba wa rassa, ko wanda aka karɓo daga wani babban gida. Aika wakili ya kwana a Kudan ya ji abin da ke damun masu rake, wannan kashe kuɗi ne da ba ya dawo da ko kwabo. Don haka ba a cika yi ba.

Ga misali da kowa a nan zai tuna. A 2016 tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta afka wa tumatir. Ta cinye gonaki a wannan yanki namu da maƙwabta, har a watan Mayu gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Labarin ya zagaye duniya. To amma wane ɓangare ne ya fi amo? Tsadar tumatir a kasuwannin Legas da Abuja, da yadda miya ta gagari masu albashi. Shi kuwa wanda ya ci bashi ya sayi taki da man injin ban-ruwa, abin da yake bukata daban ne, kuma tun farko yake bukatarsa: yaya zai gane tsutsar kafin ta ci ƙarfin gona, wane feshi ne asarar kuɗi kawai, a wace fadama ta ɓulla jiya. Masu wannan ilmi ba nisa suke ba, suna nan Samaru, a Cibiyar Binciken Aikin Gona da cibiyar malaman gona ta NAERLS. Tashar da ke zaune a tsakiyar manoma ita ce za ta maimaita wannan magana safe da yamma har ta shiga kunne. Tashar da ke kallon ƙasa baki ɗaya za ta ba ta minti biyu ta wuce, kuma ba don mugunta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ku ce mu kaɗai abin ya shafa. A Amurka, dokar 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi kimanin 40 zuwa wajen 1,200. A watan Janairun 2002, cikin dare, jirgin ƙasa ɗauke da amoniya, sinadarin da ake haɗa taki da shi, ya kife a gefen garin Minot, hayaƙi mai guba ya rufe unguwanni. Tashoshin kasuwanci shida na garin duk na wannan kamfani ne. 'Yan sanda suka yi ta neman a sanar da jama'a, aka ɗauki lokaci ba su sami wanda zai yi ba, tashoshin kuwa na ta sakin shirye-shiryen da aka riga aka tsara. Mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka jikkata. An daɗe ana gardamar wa ya fi laifi, kamfanin ko na'urar gargaɗin hukuma, amma ba a musanta cewa mutanen garin sun kunna rediyo a daren ba su ji abin da ya kamata su ji ba.

(KIƊA KAƊAN)

Yanzu mu leƙa maƙwabta. A Nijar, tun 1999 aka fara kafa rediyon karkara a Bankilare, cikin jihar Tillaberi: ɗaki ɗaya, ƙaramin inji, hasken rana, da 'yan gari masu aikin sa-kai. Yau irinsu sun haura 100 a ƙasar. Abin da suke faɗa shi ne cigiyar saniya, da sanarwar rasuwa da ranar addu'a, da ranar rigakafi, da farashin gero, da sasanta manomi da makiyayi kafin a kai ga sanda. Suna da nasu matsalolin, inji kan lalace a rasa kuɗin gyara, wani lokaci mai mulki ya nemi sa musu baki. Duk da haka 'yan gari ne ke riƙe da makullin ɗakin.

Mu a nan mun makara. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma na farko, guda 17 kacal ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Amma ƙofar a buɗe take. Sharaɗin shi ne al'umma ce za ta nema a ƙungiyance, ta yi rajista, ta mallaka, ba don riba ba, ba kuma da sunan jam'iyya ba.

A ganina, Ikara da Maƙarfi da Kudan sun fi ƙarfin a ce ba za su iya kafa tasu tashar ba. Yankin da ke loda motocin rake da tumatir da masara zuwa kudu, yankin da ya fitar da gwamna, wanda ke da kwalejin kiwon lafiya a Maƙarfi da ɗaruruwan matasa masu digiri suna zaune, ba zai rasa mutum goma masu iya magana da kuɗin ƙaramin inji ba. Abin tsoro guda ne, kuma gara a faɗe shi tun yanzu: kada wani mai kuɗi ko mai kujera ya gina tashar shi kaɗai ya ce kyauta ya ba mu. Duk wanda ya sayi inji shi kaɗai, shi zai faɗi wanda za a ba makirfo, mu koma gidan jiya. Gara ta zama ƙarama, ta yi awa huɗu a rana, amma kuɗinta ya fito daga ƙungiyar manoma, da 'yan kasuwa, da direbobi, da ƙungiyoyin mata, kowa da ɗan abin da ya sawwaƙa, a kuma riƙa karanta lissafin kuɗin a iska kowa ya ji.

Don haka muna kira ga iyayenmu hakimai da dagatai, da shugabannin ƙananan hukumomin uku, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa: ku sa wannan magana a zamanku na gaba, ku tura wakilai ofishin hukumar kula da gidajen watsa labarai su karɓo sharuɗɗan a rubuce. Gidajen da ke kan iska yanzu kuma, na tarayya da na jiha da na 'yan kasuwa, muna roƙon kowannensu ya ajiye wakili a wannan yanki, ya ware fili ko sau ɗaya a mako domin kasuwanninmu da gonakinmu. Ku kuma masu sauraro, idan kun sami layi a shirin buga waya, bayan gaisuwa ku faɗi sunan garinku, ku faɗi abin da ke damunsa, ku tambayi ranar da za a turo wakili ya gani da idonsa.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu albarkar noma, Ya zaunar da yankinmu lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)